Babur mai otomatik ko mai giya, ga mai ƙetare gadar Kennedy kullum

Ɗan'uwa, ka ce kana zaune a unguwar Harobanda a Yamai, aikinka a Filato, tsallaken kogi, wani lokaci kuma kana leƙa ƙauye ta hanyar Say. Mai otomatik ya shiga ranka, amma abokai sun ce maka ba ya jure wahala, kuma ba a iya ƙara masa komai. Mai otomatik mai inji cc 125 nake hawa yanzu, kafinsa kuma na daɗe a kan mai giya, don haka ga yadda na same su.

A cunkoso babu haɗi. Gadar Kennedy tun 1970 take, ƙuncinta yana nan, kuma duk da an ƙara gadar Sin a 2011 da ta Seyni Kountché a 2021, wanda zai shiga tsakiyar gari da safe ta Kennedy yake bi. A kan mai giya hannun hagu yana matse kuloci, ƙafa tana ta sauya giya, ka matsa taku biyu ka tsaya, kafin ka kai ofis yatsunka sun yi tsami. A kan mai otomatik totur kawai za ka murɗa. Ƙafafunka suna zaune a kan faffaɗan dabe, babbar riga ba ta shafar sarƙa, takalmin ofis ba ya goguwa. Abu ɗaya ka kiyaye a makon farko: abin da ke hannun hagu birkin baya ne. Wanda ya saba da kuloci yakan damƙe shi da ƙarfi ba tare da tunani ba, tayar baya ta ƙulle, in akwai yashi a bakin kwalta sai ƙasa.

Yashin nan shi ne babban abokin gabarsa. Tayoyin mai otomatik inci 10 zuwa 14 ne, na mai giya 17 ko 18. Ƙaramar taya nutsewa take yi, cikin babur kuma yana kusa da ƙasa, ga injin a maƙale da tayar baya, sai gaba ya yi sakayau yana rawa. Da mai giya kana sa ta biyu ka riƙe wuta daidai ka ratsa. Da mai otomatik ba kai ke zaɓar giya ba. A cikin murfin da ke gefen hagu akwai bel na roba tsakanin faifai biyu, da wasu ƙananan dunƙulaye da ake kira gale, waɗanda juyin inji ke turawa waje su matse faifan gaba, bel ya hau sama, gudu ya ƙaru. Kulocinsa a baya yake, shi ma juyi ne ke sa shi kamawa. In ka shiga yashi kana lallaɓawa a hankali, kulocin ba ya kamawa sosai, gogawa yake yi yana zafi, har ka ji ƙaurinsa. Ka haɗa wannan da zafin Afrilu da ke haura digiri 40, ka ga dalilin da bel ɗin da kamfanoni ke cewa ya kai kilomita 20,000 zuwa 25,000 ba lallai ya kai haka ba a nan. Ni ban jira ya tsinke. In aka buɗe murfin na ga tsaga a haƙoransa, ko baƙin gari ya taru, sauyawa nake yi. Sarƙar mai giya kuwa tana yi maka kashedi, ta yi ƙara, ta saki, a ɗaure ta a bakin hanya. Bel in ya tsinke sai turi.

Turin ma ba ya tayar da shi. Mai giya in batir ya mutu a gangara da shi a saki kuloci ya tashi. Mai otomatik ba ya tashi ta haka. Irin su Honda PCX da Yamaha NMAX ko abin tayarwa da ƙafa ba su da shi. Ka duba wannan kafin ka biya kuɗi. Da damina kuma kada ka yarda ruwa ya kai murfin bel, domin in ya shiga inji zai yi ta kuka babur yana tsaye.

Shan mai: mai giya ya fi tsimi, amma tazarar ba ta kai a fasa saye saboda ita ba. Wanda ba kaburato gare shi ba, mai fesa mai da lantarki, ka nisanta shi da ruwa-ruwan kwalba.

Wajen makanike ne mai giya ya yi nisa. Boxer ko Haojue, kowane yaron gareji ya san cikinsu, kayansu kuma tuli ne a kasuwar Katako. Mai otomatik a Yamai za ka samu wanda ya iya shi in ka tambaya, amma bayan ka bar kwalta ka nufi ƙauye, bel mai lambar naka ba zai samu ba. Ka ajiye ɗaya a ƙarƙashin kujera.

Batun cewa ba a ƙara masa komai kuwa, ba haka ba ne. Sai dai yawancin abin da samari ke ƙarawa ɓarnar kuɗi ne. Salansa mai ƙara ba ta ƙara gudun kirki, maƙwabta kawai take tayarwa da asuba. Gale marasa nauyi suna sa babur ya zabura daga danja, amma inji ya riƙa ihu, mai ya riƙa tafiya. Masu nauyi kuma su sa shi kasala in ka ɗauko mutum. Na kamfani sun fi zaman lafiya. Abin da na ƙara na ji daɗinsa shi ne taya mai zurfin zane, akwatin baya da ke cin hular kwano da takardu, da rigar kujera mai raga, domin baƙar kujerar da ta wuni a rana sai ka ce kaskon suya. Akwatin kada a cika shi da nauyi, gaba zai ƙara sakayau. Masu cire matacin iska wai inji ya numfasa, a garin da hunturu ke zuba ƙura, fistan suke kashewa. Fitilu masu walƙiya da ake yanka waya a haɗa, su ne ke cinye batirin da ba ka da abin maye gurbinsa.

In wani ya nuna maka bidiyon babban babur Africa Twin mai otomatik yana keta hamada, wancan wani abu ne daban. Tsarin DCT ne na Honda, wanda ya fara fitowa a VFR1200F a 2010, ya zo Africa Twin a 2016: giya ce ta gaske da kuloci biyu, kwamfuta ke sauyawa, babu bel, kuɗinsa kuma na mota ne.

In zuwa ƙauyen na salla ne da biki, ka sayi mai otomatik, ranar tafiya ka shiga mota. In kusan kowane mako ne, ka duba na tsakiya, irin Yamaha Crypton da sauran masu inji cc 110 da suka gaji tsarin Honda Super Cub na 1958: babu kuloci a hannu, giya a ƙafa, taya inci 17, sarƙa ce ke jan sa, kuma ana iya tura shi ya tashi.