Sandar Golf: Mai Rami a Baya ko Siririya?

Da hannuna ya fara faɗawa a filin golf na Kano, sai na tsaya tsakanin sandunan ƙarfe iri biyu.

Mai rami a bayan kanta, wato ɓangaren da ke bugun ƙwallo, tana da haƙuri. An raba nauyinta zuwa gefuna, ko bugu ya kauce wa tsakiya ƙwallo za ta yi nisa. Siririyar kuwa, marar rami, ba ta yafiya. Ka ɗan goce, zafin zai ratsa har yatsunka, musamman da sanyin safiyar hunturu. Amma idan ƙasa ta bushe ƙamas, siririn gindinta ya fi shiga ƙarƙashin ƙwallo, mai ramin kuwa, da yake gindinta na da faɗi, takan yi tsalle.

Ni dai mai ramin na ɗauka, sanduna masu lamba 5 zuwa 9. Sau ɗaya nake wasa a mako, siririya kuwa sai mai atisaye kullum.