Wane takalmi, wane alli: sayen kayan hawan dutse bisa yanayi

A watan Janairun 2015 Tommy Caldwell da Kevin Jorgeson suka gama hawan ɓangaren dutsen El Capitan da ake kira Dawn Wall, a Yosemite ta Amurka, bayan kwana 19 suna maƙale a jikinsa. Tsakiyar sanyi suka zaɓa, kuma wuraren da suka fi wuya sau da yawa da daddare suke hawansu, fitila ɗaure a goshi. Dalilin shi ne idan dutse ya yi sanyi hannu ba ya gumi, robar takalmi kuma tana kama shi sosai. Duk mai shirin kashe kuɗinsa a kayan wannan wasa ya fara sanin irin dutsen da zai hau da watan da zai je, sannan ya shiga kanti.

Takalmi ne ya fi cancantar kuɗinka. Robarsa iri biyu ce, mai taushi da mai tauri. Kamfanin Vibram yana yin duka biyun: XS Grip 2 ita ce mai taushin, XS Edge mai taurin. Mai taushi tana shimfiɗewa a kan dutse kamar tafin ƙafa, ita ake so a wuri irin dajin Fontainebleau da ke kudancin Faris, inda dutsen yashi ne mai sulɓi, babu inda yatsa zai shiga sai dai ka danna ka dogara. Amma roba tana ƙara laushi da zafi. Ka taka ɗan ƙaramin gefe da ita a rana tsaka, za ka ji bakin takalmin yana lanƙwashewa a ƙarƙashin babban yatsanka har ya zame. Ga shi dutse mai kaushi yana cinye ta da wuri.

Saboda haka wanda zai hau irin duwatsunmu na garanit, kamar Kufena a Zariya ko tsaunukan Shere a Jos, ni dai mai tauri nake ba shi shawara, mai kaurin milimita 4 ko sama. Ba za ta ba ka daɗin jin dutse kamar mai taushi ba, amma tana jure zafi, tana kuma daɗewa. Sai batun jikin takalmin: na fata yana buɗewa da amfani, na roba-roba kusan yadda ka saye shi haka zai zauna. Ka gwada da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura. Kada kuma ka bar shi a cikin mota a bazara, gam ɗinsa yana saki, tafin ya ɓanɓare.

Allin da ake shafa wa hannu akwai na gari, akwai na ruwa. Na ruwan an kwaɓa shi da sinadari irin na man tsabtace hannu, kana shafawa ya bushe ya bar farin shafi da ke daɗewa. Mai yawan gumi, ko mai hawa lokacin da iska ke da laima, zai ji daɗinsa. A hunturu kuwa ban ga amfaninsa ba. Fata ta riga ta bushe, ƙara busar da ita tsagewa take kawowa a gaɓoɓin yatsu, kuma yatsan da ya tsage sai ya hana ka hawa kwanaki. Na gari kaɗan ya isa, da man kaɗanya idan an dawo gida.

Hunturun dai shi ne lokacin hawa a wajenmu, musamman da sassafe, sai dai ƙura tana kwanciya a kan kowane mariƙi, wato wurin da hannu ke kamawa a jikin dutse. Nan buroshi ke shigowa. Yawancin na kasuwa da gashin aladen daji ake yinsu, gara mutum ya duba kafin ya biya; wanda ransa bai kwanta da shi ba ya nemi na gashin doki ko na nailan. Na waya kam kada ka kusance shi, kankare dutsen yake yi, abin da ya kankare kuma ba ya dawowa.

Igiya ma kala biyu ce, wadda aka yi wa maganin ruwa da wadda ba a yi wa ba. Bisa ƙa'idar ƙungiyar masu hawan duwatsu ta duniya, UIAA, mai maganin kada ta sha ruwan da ya wuce kashi 5 cikin 100 na nauyinta. Ta fi tsada, kuma masu hawan ƙanƙara ne suka fi buƙatarta. Idan a rani kawai kake hawa, sayi ta gama-gari, ragowar kuɗin ka sa a hular kwano da tabarmar shimfiɗa igiya, don yashi na shiga cikin zarenta yana cinta a hankali.

Abin da babu kayan da ke maganinsa shi ne dutse jiƙaƙƙe. Garanit yana bushewa da wuri in rana ta fito, ban da inda gansakuka ta kama, wanda santsinsa ya fi na sabulu. Dutsen farar ƙasa irin na tsibirin Kalymnos a Girka yana ci gaba da tsattsafo da ruwa bayan sama ta washe. Na yashi ya fi kowanne haɗari, domin yana shan ruwa ya yi rauni, mariƙin da mutane suka yi shekaru suna kamawa sai ya ɓalle a hannunka. A Red Rock ta jihar Nebada ana jan kunnen mutane su jira kwana ɗaya zuwa biyu bayan ruwa, wani lokacin fiye. A yankin Saksoni na Jamus kuwa an hana hawan dutsen yashi yana jiƙe, an hana alli gaba ɗaya. Mai shirin zuwa can ya bar jakar allinsa a gida, kuma kafin ya ɗaura takalmi ya tona ƙasar gindin dutsen da yatsa: in da damshi a ƙarƙashi, dutsen bai bushe ba.