Ma'aunin zafin jiki na ƙarƙashin harshe, a jinyar mai kemo

Ma'aunin zafi iri biyu muka yi amfani da su tunda aka fara yi wa Inna kemo, wato magani mai ƙarfi na kashe ƙwayoyin kansa, a JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, saboda kansar mama: mai kamar bindiga da ake nunawa a goshi, irin na lokacin korona, da ɗan siririn nan mai batir da na saya a wani kemis a Terminus. Na biyun nake yabo.

Kemo yana karya fararen ƙwayoyin jini, sojojin jiki ke nan, kuma sun fi yin ƙasa tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan an yi shi. A wannan tsakanin ƙwayar cutar da mai lafiya ba zai ma ji ta ba tana iya shiga jini cikin sa'o'i, sau da yawa ba ƙurji ba mugunya, sai zazzaɓi kawai. Shi ya sa likita ya ce mana da zarar ma'auni ya nuna digiri 38, a taho asibiti ko da tsakar dare ne, a ɗebi jini, a sa maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin awa ɗaya. Kada a ce maleriya ce a tafi kemis, kada kuma a ba da farasitamol kafin a auna, don yana ɓoye zazzaɓin.

To a nan na goshin ya gaza. Da sanyin Jos, goshin Inna kan yi sanyi ƙalau, ya nuna 36 da 'yan kai. Daren da ta kama rawar ɗari, ƙanwarta na cewa "Yaya, hunturu ne, a ƙaro bargo," na sa mata siririn a ƙarƙashin harshe, ya yi ƙara, 38.4. Aka kwantar da ita, gwaji ya nuna sojojin sun yi ƙasa ƙwarai.

Siririn ma yana da nasa aibin. Idan kemo ya fasa mata baki sai dai a sa a hammata, can kuma yakan nuna ƙasa da ainihin zafin, don haka nake gaya wa nas inda na auna. In ta sha shayi sai an ɗan dakata. Fuskarsa ba ta da haske, in an ɗauke wuta sai da fitilar waya, lambobin kuma ƙanana ne, Inna ba ta iya karanta su da kanta. Muna goge bakinsa da sifirit kowane lokaci, kuma ba a aronsa ga kowa a gidan, ko jikokinta.