Karayar ƙugu a asibitin Gee: abin da sashen ƙashi ya iya da abin da ya bar wa dangi

Tsohuwa ta zame a makewayi da asuba, a unguwar Aboabo ko Asawase da ke Kumasi a Ghana, aka ɗauko ta ba ta iya taka ƙasa. Kafin a yi gardamar ko targaɗe ne, a kwantar da ita rigingine a dubi ƙafafun biyu. Idan ɗaya ta fi guntu kuma tafinta ya kwanta waje, ciwon yana matsematsi, to kusan koyaushe wuyan ƙashin cinya ne ya karye ko ɗan ƙasa da shi. A Kumasi wurin wannan aiki shi ne asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda kowa ke kira Gee, sunan da ya gada daga kamfanin da ya gina shi. Hukuncinmu a taƙaice: hannun likitocin ƙashi na wurin abin dogara ne, amma sakamakon yana rataye a kan saurin dangi fiye da yadda mutane suka zata.

Mutanen zango suna da maɗoransu, kuma ba a raina su a karayar hannu wadda ƙashi bai goce ba. Ƙugu daban ne. Kan ƙashin cinya kamar ƙwallo yake a cikin kwarmin ƙugu, jijiyoyin da ke kai masa jini kuma ta wuyan suke bi. In wuyan ya karye ya goce, jinin ya yanke, ƙwallon sai ya mutu a hankali ya lotse. Wurin yana can ƙarƙashin tsoka mai kauri, babu karan ɗorin da zai riƙe shi, babu man shafawar da zai isa can. Murza da ja ma ƙara gotar da shi suke yi. Shi ya sa wanda ya shafe wata biyu a gidan ɗori kan zo asibiti da aikin da ya fi na farko girma da tsada.

Ƙofar shiga ita ce cibiyar haɗari da gaggawa da aka buɗe a 2009. Ba a bin layin wanda ya riga zuwa. Ma'aikaciyar jinya tana auna numfashi, bugun zuciya da hawan jini, ta ba mara lafiya launi: ja, ruwan lemo, rawaya ko kore. Mai karayar ƙugu da ke magana lafiya lau ba zai sha gaban wanda mota ta buge yana zubar da jini ba, kuma daidai ke nan, ko da yake ɗan da ke tsaye da "Dokta, don Allah uwata ce" ba ya ganin haka a lokacin. Asibitin na karɓar marasa lafiya daga yankin Asante har zuwa arewacin ƙasa, saboda haka cunkoso ba baƙon abu ba ne. Daga nan sai hoton ƙugu ta gaba da ta gefe, gwajin yawan jini, rukunin jini, ƙoda, suga, da awon zuciya ga tsofaffi.

Inda sashen ya fi burge wanda ya san aikin shi ne zaɓen irin tiyata, don ba kowace karaya ake yi wa magani ɗaya ba. Idan wuyan ya tsage bai goce ba, ko mai shi matashi ne, ana ƙoƙarin ceton ƙwallon da dogayen noti guda uku. Idan tsoho ne kuma ya goce, ba a ɓata lokaci: a cire ƙwallon a dasa na ƙarfe mai jela da ke shiga cikin ɓargo, wani lokaci a kama shi da simintin ƙashi. Wannan shi ne rabin canji. Cikakken canji, wanda ake sauya har kwarmin, na mai ƙarfi ne da ke zirga-zirga ko wanda gaɓarsa ta riga ta cinye. Karayar da ta faɗo ƙasa da wuya kuwa tana da isasshen jini, tana haɗewa, sai a riƙe ta da babban noti mai zamewa a jikin faranti, ko ƙusa ta cikin ɓargo. Ku roƙi likita ya ɗaga hoton ya nuna muku layin karayar da yatsa, ku tambayi sunan ƙarfen da dalilin zaɓensa. Yawanci allurar baya ake yi, mutum yana farke ƙasan jikinsa ya mutu; a daina cin abinci awa 6 kafin shiga.

Matsalar tana wajen kuɗi da lokaci, kuma ba ta asibiti ɗaya ba ce. Katin inshorar lafiya na ƙasa yana rage nauyin gado da wasu magunguna, amma kayan dashe na cikin abubuwan da tsarin ya ware. Ƙarfen, dangi ne za su saya. Ga kuma jini: za a nemi ku kawo masu bayarwa su mayar da abin da za a ɗiba. Ilimin aikin ya nuna tsoho ya fi tsira in an yi masa tiyata cikin awa 48. Kowace ranar da aka ƙara ana jiran kawu ya turo momo (kuɗi ta waya) daga waje, jiki yana biyan bashinta: gyambon kwanciya a gindin baya da dunduniya, majina ta taru a huhu, fitsari ya kamu, jini ya daskare a jijiyar ƙafa, gudansa ya ɓalle ya toshe huhu. Dabara ita ce a raba aiki tun daren farko. Mutum ɗaya ya riƙe magana da likita ya karɓi lissafi a rubuce, wani ya tara masu ba da jini biyu ko uku, wani ya duba ko katin yana aiki, in ya mutu a sabunta shi ta hanyar danna *929# a waya. Mai jinya kuma ya riƙa juya mara lafiya duk awa 2.

Matasan da pragya (keke mai ƙafa uku) ko babur ya kayar labarinsu na jini ne. Ƙashin cinya in ya karye yana iya shanye lita 1 zuwa 1.5 a cikin tsoka ba a ga ɗigo a waje ba, ƙugu in ya buɗe ya fi haka. Kafin motar asibiti ta iso, a naɗe zani a ɗaure shi tam daidai tudun ƙasusuwan gefen cinya, ba a kan cibiya ba, a haɗa ƙafafun wuri ɗaya. Idan ƙashi ya huda fata, kada a tura shi ciki, kada a zuba toka ko garin magani. A rufe da tsumma mai tsabta. A asibiti za a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta nan take, a wanke raunin a ɗakin tiyata, sau da yawa a kafa ƙarfen waje tukuna. Wanda ya ga ƙafa a ɗage da igiya ta bi ta kan ƙarshen gado, nauyi yana lilo a ƙasa, ya sani riƙon ƙwarya ne. Kada mai ziyara ya ɗora nauyin a kan kujera don tausayi, ja ɗin ne ke hana ƙasusuwan hawa kan juna.

Masu sikila suna da nasu babin, kuma Kumasi ta san su, tun 1995 ake gwada jarirai a nan. Ƙwallon ƙugunsu kan mutu ba tare da faɗuwa ba, mutum yana ɗan shekara 20 ko 30 ya fara ɗingishi. Canjin gaɓa yana cire musu azaba, amma sai an ɗaga jininsu kafin aiki, a tsare su daga sanyi da ƙishirwa, kuma haɗarin mugunya ya fi yawa. Gaɓar dashe takan kai shekara 15 zuwa 25, don haka matashi ya sa a ransa zai iya komawa a sake. Tunda wannan ba gaggawa ba ce, akwai sararin jin ta bakin wani likita a asibitin Korle Bu da ke Accra, ko asibitin FOCOS da ke Pantang kusa da Accra, wanda Farfesa Oheneba Boachie-Adjei ya kafa, ko St. Joseph a Koforidua.

Bayan aiki ana tayar da mutum washegari ko jibi da abin dogarawa, ana cire zare wajen kwana 14. Allurar hana daskarewar jini, wadda ake yi a fatar ciki sau ɗaya a rana, takan ci gaba har kusan mako 5. Mutane da yawa suna yanke ta da an sallame su saboda tsada, kuskure ne babba. Gargaɗin da ake bayarwa ga wanda aka canja wa gaɓa, musamman in ta baya aka shiga, shi ne kada gwiwa ta ɗara ƙugu tsawo, kada a harɗe ƙafa, kada a murɗa ta ciki, mako 6 zuwa 12. Sai dai ba kasafai ake fassara shi zuwa rayuwar gidan zango ba, inda masai na tsuguno ne, kwanciya a tabarma, alwala a kan 'yar kujera. Duk ukun suna iya fitar da sabon ƙwallo daga kwarminsa. Kafin Hajiya ta dawo a tanadi kujerar bayan gida mai tsayi, gadon da ya kai gwiwa, matashi tsakanin cinyoyi da dare, ta yi salla a zaune a kujera mai hannu, jika ya wanke mata ƙafa. Idan raunin ya fara tsattsafo da ruwa, zazzaɓi ya zo, sha-raɓa ta kumbura, numfashi ya yi sama-sama, ko aka ji ƙas ƙafar ta sake gajarcewa, ba a jiran ranar da aka rubuta a kati, a koma Gee a ranar.