Pilates, Yoga ko Gashin Ƙashi: Wanne Ya Dace da Mai Ciwon Jijiyar Tsoka?

Jijiyar da ke haɗa tsoka da ƙashi, irin agara da ke bayan diddige, ba ta samun jini sosai kamar tsoka, shi ya sa jinyarta kan ɗauki watanni. Hutu kaɗai ba ya gyara ta. Abin da ke ƙarfafa ta shi ne a ɗora mata nauyi sannu a hankali, ana ƙarawa mako bayan mako. Da wannan ma'auni ya kamata a auna kowane aji ko na'ura kafin a fitar da kuɗi.

Atisayen Pilates, wanda Bajamushe Joseph Pilates ya yaɗa daga birnin New York tun shekarun 1920, yana horar da tsokokin ciki da baya da ƙugu tare da sarrafa numfashi. Wanda ake yi a kan shimfiɗa yana da sauƙin kuɗi kuma yana gyara tsayuwar jiki, sai dai nauyin da ke kaiwa ga jijiyar ƙafa kaɗan ne. Na'urar Pilates mai suna Reformer ta fi shi amfani a nan: mutum yana kwance a kan gado mai zamewa, ya tokare sanda da yatsun ƙafa, ya riƙa ɗaga diddige yana saukewa, malami kuma ya ƙara sifirin ko ya rage gwargwadon ƙarfinsa. A ganina sayen na'urar don gida asara ce, domin tana da tsada, kuma nan gaba jijiyar za ta buƙaci nauyin da ake ɗauka a tsaye.

Yoga tana buƙatar taka-tsantsan. Yawan miƙa jiki yakan matse jijiya a daidai inda ta manne da ƙashi, musamman a diddige da ƙashin zama, ciwon ya ƙaru. Tai chi kuwa, atisayen Sinawa da ake motsa jiki a hankali, daidaita jiki ya fi koyarwa.

Zaɓin da ya fi samun goyon bayan bincike shi ne tsarin da likitan gashin ƙashi ke shiryawa. Misali, a tsarin da wani likitan ƙasar Suwidin, Alfredson, ya wallafa a 1998, mai ciwon agara yana tsayawa a bakin matakala, ya hau da lafiyayyar ƙafa, ya sauke diddigen mai ciwo a hankali, sau 180 a rana na tsawon mako 12. Aikin akwai gundura, amma matakala da jakar goyo mai ɗan nauyi ne kaɗai kayansa.

Saboda haka a fara biyan kuɗin duba likita, Pilates ya biyo baya a matsayin ƙari. Kafin biyan kuɗin aji, a tambayi malami ko ya san jinyar rauni, kuma ko zai sauya atisaye idan ciwo bai lafa ba zuwa washegari. Wanda ya ji ƙara kwatsam a agararsa, ya kasa tsayawa a kan yatsu, asibiti zai nufa nan take, domin wataƙila jijiyar ta tsinke.