Takarda, waya ko Kindle: me mai son karatu zai saya a Damagaram?

Kafin ka fitar da ko dala, ka fara tambayar kanka wane lokaci ne kake samun sararin karatu a yini. Ga mafi yawanmu a Damagaram lokutan sanannu ne: bayan sallar asuba kafin hidima ta taso, tsakanin azahar da la'asar sa'ad da zafi ya kora kowa inuwa, sai kuma bayan isha'i. Amsar da ka bayar ita za ta zaɓa maka abin saye, domin mai karatun rana a zaure da mai karatun dare a kan tabarma a tsakar gida ba kaya ɗaya suke buƙata ba.

Littafin takarda har gobe shi ne gaba wajen riƙe hankali. Ba ya neman caji, ba ya ƙara, babu saƙon da zai faɗo maka a tsakiyar shafi. Matsalarsa kuɗi. Sabon littafin Faransanci da aka buga a Faransa da yuro ake sa masa farashi, yuro ɗaya kuwa sefa 656 ne, ba ya motsi. Ke nan ƙaramin littafin aljihu na yuro 8 ya haura jika biyar tun bai bar can ba, balle a ɗora kuɗin sufuri da ribar mai shago. Shi ya sa masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa suke da daraja, musamman in ka je musu ba a watan Oktoba ba, lokacin da iyaye ke rububin kayan komawa makaranta.

Na Hausa da na addini yawanci daga Kano suke shigowa, kuma sun fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba. Amma a nan ne ake buƙatar ido. Ka buɗe littafin a tsakiya ka ɗan tanƙwara shi: in ka ji gam yana ƙas-ƙas, ko ka ga shafi yana neman ficewa, zafin Afrilu zai ƙarasa shi. Wanda aka ɗinke da zare ko aka buga wa ƙusar takarda ya fi na gam jurewa. Ka bi lambobin shafi daga farko zuwa ƙarshe, don ba abin mamaki ba ne ka tarar daga shafi na 48 an tsallaka zuwa na 65, ko an maimaita wasu. In labari ne mai kashi-kashi, kar ka yarda da "na uku yana hanya, Alhaji". Ka saya duka a tare ko ka bar shi. Babu abin da ke kashe wa mutum sha'awar karatu kamar labarin da ya tsaya a tsaka. Sannan ka sa kuɗin akwatin ƙarfe a lissafi, saboda gara da ɓeraye da ƙurar hunturu ba su san darajar littafi ba.

Waya ita ce mafi arha, tunda tana aljihunka. Akwai manhajojin karatu na kyauta irin su ReadEra da Librera, masu aiki ba tare da intanet ba. Littafin labari guda a tsarin EPUB, wato fayil ɗin littafi na waya, sau da yawa bai kai nauyin hoto biyu ba, don haka forfe kaɗan ya isa ka sauke abin da za ka yi wata kana karantawa. Mai karanta Faransanci ko Ingilishi zai sami tsofaffin littattafai kyauta, ta halal, a shafin intanet na Project Gutenberg, wanda aka fara tun 1971 kuma yau yana da littattafai fiye da 70,000. Na yara kuwa, African Storybook na da labarai masu hotuna da Hausa. Ka lura da bambancin EPUB da PDF: na farko yana daidaita rubutu da girman fuskar wayarka, ka ƙara girman baƙi yadda kake so, PDF shafi ne a daskare, sai ka yi ta ja da yatsa hagu da dama har ka gaji.

Sai dai wayar da littafin yake ciki ita ce WhatsApp da TikTok suke ciki, kuma kowa ya san wanda ke cin nasara. A ganina, in za ka yi karatu a waya da gaske, ka nemi tsohuwar Android wadda ba a sa mata layi, ko da fuskarta ta ɗan tsage, ka zuba mata littattafai kawai. Masu gyaran waya ba sa rasa irinta. Ka duba batirin kafin ka biya. In bayanta ya kumbura, ajiye musu abinsu.

Marubutan Hausa da yawa yanzu a waya suke sakin labaransu, wasu kyauta a manhajar Wattpad, wasu sai ka biya a sa ka a rukuni. In ka biya, ka fi son wanda zai ba ka littafin ka ajiye a wayarka. Manhajar sayar da littattafai ta OkadaBooks ta Najeriya ta rufe a ƙarshen 2023, abin da ke nuna cewa littafin da ke zaune cikin manhaja kaɗai aro ne, ko da ka biya kuɗinsa. Wanda ka saya kuma kar ka watsa shi a rukunin abokai. Gumin wani ne.

Kindle fa? Na'urar karanta littattafai ce. Kamfanin Amazon ya fito da shi a 2007, kuma fuskarsa daban take da ta waya: kamar tawada a kan takarda, ana karanta ta sarai a cikin hasken rana, caji ɗaya yana kai makonni. Ga garin da kuran, wato wutar lantarki, ke zuwa yana tafiya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ka san abin da za ka shiga. Sayen littafi a shagon Amazon yana buƙatar katin banki, littattafan Hausa a can ba su taka kara sun karya ba, kuma PDF a fuska mai inci 6 azaba ce, ga shi mafi yawan abin da ɗaliban Jami'ar André Salifou ta nan Damagaram ke turawa juna PDF ne. Amazon da kanta ta ce na'urar tana aiki daidai ne zuwa zafin digiri 35, mu kuwa bazararmu tana haura 40, don haka ba a barin ta a rana ko a cikin mota. In ta lalace, samun mai gyara ko sabuwar fuska aiki ne. Kobo, abokiyar gasarta, ta fi sauƙin karɓar EPUB kai tsaye daga kwamfuta. Ko wacce ka samu, musamman ta hannu, ka sa mata rubutun Hausa ka gani ko ɗ da ƙ da ɓ da ƴ suna fitowa daidai ba ƴan akwatuna ba. Wanda ya riga ya saba cinye littafi biyu ko uku a wata da Faransanci, zai mori kuɗinsa. Wanda yake fatan na'urar ce za ta koya masa karatu, zai ƙare da ita a ƙasan akwati.

Sauraro ma hanya ce, ga tela a kan keke, ga uwar gida a madafa, ga matafiyin da zai yi kusan kilomita 900 zuwa Yamai. Ka nemi murya zalla, kar ka bi ta bidiyo: awa guda ta murya ba ta wuce mega 30 ba in an matse ta daidai, bidiyo kuwa ya ninka haka sau da yawa.

Yanzu ga abin da zan ce a fara saya, kuma ba littafi ba ne. In lokacinka na dare ne, ka sayi ƙaramar fitilar sola mai ƙafa, wadda za ka iya karkatar da kanta kan shafi. Tocilan mai farin haske mai kaifi yana gajiyar da ido, ya kuma tara maka ƙwari. Ka tambayi awa nawa take yi bayan cajin yini guda, ka kunna ta a shagon ka ɗora a kan rubutu. In kuma ka haura shekara 40 ka ga kana miƙa hannu nesa kafin baƙi ya fito, ko kanka na sarawa bayan shafi biyu, ba lalaci ba ne, ido ne ya fara neman tabarau, kuma haka yake ga kusan kowa. Lambobinsu suna farawa daga +1.00 suna hawa. Ana sayar da su a kasuwa, amma gara ka je a auna ka a asibiti tukuna, don awon kan tono wata cutar ido da ba ta ba da alama da wuri.

Sauran kuɗin, in kuna da fada, ku yi adashen littafi. Mutum biyar, kowa ya sayi guda wanda sauran ba su da shi, a riƙa zagayawa duk mako biyu. Ku sami kaye ɗaya, wato littafin rubutu, da za a rubuta sunan mai ɗauka da ranar mayarwa, a damƙa shi ga wanda ya fi kowa rashin kunyar tambaya. Ku kuma amince tun farko cewa wanda ya ɓatar da littafi, ko ya zubar masa da shayi, sabo zai biya.