Yaya, maganar tikitin Oasis da tsadar kaya a nan Ingila

Salamu alaikum Yaya, ina fatan kana lafiya, ya su Hajiya da yara, ya ƙoƙari. Ka ce in ba ka labarin yadda saye da sayarwa yake a nan tunda kullum a gida ana cewa wai ƙasar Turawa farashi ɗaya ne, abin da aka rubuta a jikin kaya shi za ka biya ba ƙari ba ragi. To a kanti haka ne, ka shiga Tesco ko Aldi ka ɗauki madara da burodi, kuɗin da ke rubuce a jikin kanta shi za ka biya, da kai da attajiri duk ɗaya. Amma akwai inda abin ba haka yake ba, kuma ba abin da ya nuna min wannan kamar rigimar tikitin mawaƙan nan na Oasis, dan mu nan Manchester a tsakiyar abin muke.

Su dai waɗannan mawaƙa wa da ƙani ne, Noel Gallagher da Liam Gallagher, 'yan wata unguwa Burnage a kudancin garin nan, 'ya'yan talakawa ne da suka tashi a gidajen gwamnati, iyayensu daga Ayalan suka zo. Sun fara a 1991, suka yi tashe sosai har a 1996 suka tara mutum 250,000 a kwana biyu a wani fili da ake kira Knebworth, lokacin tikiti fam 22.50 ne. Sai a 2009 suka yi faɗa a Faris ana dab da hawa dandamali, babban ya ce shi ya gama, shikenan aka watse, shekara 15 ba sa ga maciji, sai zage-zage ta jarida da intanet. Ni wlh abin da ya fi taɓa ni kenan tun farko, uwa ɗaya uba ɗaya, mahaifiyarsu na raye, a ce an kai haka. Shi ya sa da aka sanar ran 27 ga Agusta 2024 cewa sun shirya za su dawo wasa tare na yi musu murna duk da ni ba kiɗansu nake ji ba, garin nan kuwa kamar ya tsage, a wurin aiki ba wata hira sai ita.

Ranar Asabar 31 ga Agusta aka buɗe sayar da tikiti, kuma ba wani taga ko ƙofa da za ka je ka tsaya, duk ta intanet ne, yawanci ta kamfanin Ticketmaster. Za ka shiga da waya ko kwamfuta a ba ka lambar layi, sai ka ga an rubuta maka mutum dubu ɗari kaza ne a gabanka, kana zaune a ɗakinka amma kana layi. Su mawaƙan sun ce sama da mutum miliyan 10 ne suka nema daga ƙasashe 158. Akwai wani Bature da muke aiki tare a sito, dattijo ne ya haura hamsin, tun yana saurayi yake bin su, ya ce min tun safe ya zauna da waya a hannu bai ci ba bai sha ba har bayan azahar, da layi ya zo kansa tikitin tsayuwa da aka yi talla kusan fam 150 har da kuɗin caji sai ya ga ya koma fam 355, wuri ɗaya, tsayuwa ɗaya, ba kujera ba komai, kuma ga agogo na ƙirga masa 'yan mintuna ko ya biya ko ya rasa. Ya biya Yaya, da katin bashi, guda biyu shi da 'yarsa. Yana ba ni labari idonsa ya kaɗa, ya ce ya san an cuce shi amma bayan awa nawa a layi ba zai iya komawa ya ce wa yarinyar babu ba.

Ka lissafa ka gani, lokacin fam ɗaya ya haura naira 2,000, kenan tikiti ɗaya sama da naira dubu 700, albashi mafi ƙaranci na dubu 70 da aka sa wa hannu a gida a shekarar sai mutum ya yi wata goma bai ci komai ba. Kar ka ce ai su suna da kuɗi, a nan ma mafi ƙarancin albashi lokacin fam 11.44 ne a awa, wato sai ka yi aikin awa 31 kafin ka haɗa kuɗin, ba a cire haraji ba, ba a yi maganar haya da wuta da gas ba. Kuma waɗanda suka fi son mawaƙan nan irin waɗannan mutanen ne, direbobi, magina, masu aikin sito, su suka ɗaga su tun ba su da komai. Fushin da mutane suka yi kenan, suna cewa ku da kuke waƙar talaka yau talaka ne ba zai iya kallonku ba.

Abin ya tuna min tashar mota ana jibi Sallah, yadda kuɗin mota ke ninkawa dan an ga fasinja sun yi yawa. Amma a tasha kana ganin ɗan kamasho da idonka, za ka yi ciniki, za ka ce haba malam a duba dai, wani lokacin a rage maka ko wani dattijo ya sa baki. A nan ba fuskar da za ka kalla, allo ne kawai da agogo, ba wanda zai ji kunyarka. Ni a ganina wannan ya fi ciwo, kuma ko alama ban yarda da masu cewa ai kasuwa ce ta kawo haka ba, in za ka tsawwala ka faɗa min tun kafin in shiga layi, in ga zan iya ko ba zan iya ba.

'Yan cuwa-cuwa ma suna nan, kar ka ɗauka sai gida. Tun ranar aka fara ganin tikiti a wasu shafukan sake sayarwa kamar viagogo ana neman dubban fam. Masu shirya wasan suka ce duk wanda zai sayar da nasa sai ta shafin sake sayar da tikiti na Twickets ko ta Ticketmaster a kan kuɗin da ya saya, daga baya suka ce za su soke tikiti kusan 50,000 da aka sayar ta bayan fage. Otal-otal kuma suka tsawwala kuɗin ɗaki a ranakun wasan, har mutane suka riƙa ƙorafin an soke musu ɗakin da suka kama tun da wuri.

Inda zan yaba musu, kuma dole in faɗi gaskiya, ƙorafin bai tafi a banza ba. Cikin sati ɗaya, ran 5 ga Satumba, hukumar da ke sa ido kan gasar kasuwanci da haƙƙin masu saye, CMA, ta buɗe bincike a kan Ticketmaster, 'yan majalisa da ministoci suka yi magana. Su mawaƙan suka fito suka ce ba su san za a yi irin wannan tsarin farashi ba, wasu suka yarda wasu suka ce ina, amma dai da aka zo sayar da na Amurka sun ce ba za a yi shi ba. Bayan shekara guda hukumar ta ce abin da ya faru shi ne an kasa tikitin tsayuwa kashi biyu, mai araha da mai tsada, na arahar na ƙarewa aka fito da mai tsadar ba tare da an gaya wa mutanen da ke layi ba, sannan wasu kujeru da aka sa wa suna platinum an sayar da su kusan ninki biyu da rabi alhali ba wani ƙarin abu a cikinsu. Kamfanin ya ɗauki alkawarin nan gaba zai sanar awa 24 kafin a fara sayarwa in akwai farashi hawa-hawa. Abokin aikina dai ba wanda ya mayar masa da ko fam ɗaya, wannan bai min daɗi ba.

Sai kuma aikin kansa. An fara wasan ran 4 ga Yuli 2025 a garin Cardiff, sannan suka zo nan Manchester filin shaƙatawa na Heaton Park dare biyar, kowane dare mutum kusan 80,000, kuma filin ba nisa da unguwarmu ta Cheetham Hill, in iska ta juyo har ɗaki muke jin amon. Yaya a nan ne na ga abin da kuɗin ke saye. An faɗi lokacin farawa kuma a lokacin aka fara, ba jiran babban baƙo, wuta ba ta ɗauke ba, an ƙaro jirgin taram da motocin bas dan kwasar mutane, an rufe wasu tituna an kuma aiko wa mazauna kusa da takarda tun da wuri, ga masu agajin gaggawa ga banɗakuna jere, tikitin a waya yake a ɗora a na'ura ka wuce, ba ɗan uwan mai gadi da zai shiga ta gefe. Shaye-shaye kam an yi shi ba kaɗan ba, ni ranakun da wuri nake shigewa gida, amma washegari in ka fito har an fara share titi.

Waɗanda ba su samu tikiti ba ko kuɗin ya fi ƙarfinsu sai suka gano wani tudu a cikin filin da ake hango allon wasan daga nesa, suka sa masa suna Gallagher Hill, mutane suka riƙa zuwa da iyalansu da abin shimfiɗa suna bin waƙa kyauta. Sai ƙaramar hukumar garin ta zo ta kafa shingen ƙarfe ta tare wurin hangen, ta ce dan kare itatuwa da dabbobin wurin da lafiyar jama'a, mutane kuwa ba su fasa zuwa ba tunda shinge ba ya tare sauti. Ni ina bayan mutanen tudun nan, filin na jama'ar gari ne, da harajinsu ake kula da shi.

Dattijon nan abokin aikina ya je shi da 'yarsa, ya ce da ya ga wa da ƙanin sun fito riƙe da hannun juna kuka ya yi, kuma har yanzu in aka tambaye shi cewa yake bai yi nadama ba, a lokaci guda yana zagin kamfanin tikiti, bashin katin kuma ya ɗauke shi watanni yana biya.

Maganar takalman yara da ka ce in duba, a bari sai bayan Kirsimeti, ran 26 ga Disamba kantuna ke karya farashi sosai, ka turo min lambar ƙafar kowa ta WhatsApp. A gaida Hajiya da kyau, a ce mata ina nan ina addu'a.